Tuƙa Tsofaffin Ƙananan Jirage a Kwamfutar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu tuƙa jirgi a kwamfuta a nan Kaduna, musamman waɗanda suka gaji da manyan jiragen fasinja suka koma ga ƙananan jiragen da. An fara da na sabon shiga, sannan aka gangara zuwa na wanda ya riga ya kama sanda.

Mene ne similata, kuma waɗanne jirage ake nufi da tsofaffi?

Similata manhaja ce da ke kwaikwayon tashin jirgin sama a kwamfuta. Tana lissafa iska da nauyi da ƙarfin inji, ta nuna maka abin da matuƙi ke gani daga kujerarsa. Microsoft ta fitar da tata ta farko a 1982, kuma har yau ana sabunta ta.

Tsofaffin da muke magana a kansu ƙananan jirage ne masu farfela ɗaya da kujera biyu, waɗanda aka ƙera daga wajajen 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1940. Akwai Tiger Moth na Ingila mai fiffike biyu, sama da ƙasa, wanda ya fara tashi a 1931. Akwai Piper J-3 Cub na Amurka, ruwan ɗorawa da baƙin zane a gefe, wanda aka ƙera kusan 20,000 daga 1938 zuwa 1947. Sai Stearman da Aeronca Champ da Cessna 140. Yawancinsu ƙashin ƙarfe ne ko na katako da aka lulluɓe da yadi, kuma ƙaramar tayarsu ta uku tana ƙarƙashin wutsiya maimakon hanci. Wannan tayar ita ce tushen rabin tambayoyin da ke ƙasa.

Me zai sa in bar Boeing da Airbus in kama jirgin yadi?

Domin a babban jirgi, da zarar ka tashi ka danna maɓalli, kwamfutar jirgin ce ke tuƙi, kai kuma ka koma mai sa ido. Ilimi ne mai zaman kansa, ba a raina shi, amma mutum zai iya shekara yana kai Airbus daga Kano zuwa Legas bai san me ƙafarsa ke yi a jirgi ba. Cub ba shi da mai taimaka maka. Agogunan gabansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: na gudu, na tsayi, na juyin inji, na zafi da matsin man inji, sai kamfas. Ma'aunin fetur ɗinsa waya ce da ta leƙo ta murfin tanki a gaban gilashi, tana tsaye a kan toto mai yawo a cikin man. In wayar ta nutse, manka ya ƙare.

Sannan jiragen nan sun dace da halin da muke ciki. Ba sa wahalar da kwamfuta, kuma tafiyar rabin awa a cikinsu tafiya ce cikakkiya, da tashi da neman hanya da sauka, kafin a ɗauke wuta.

Kwamfutata ba sabuwa ba ce. Wace manhaja zan sa?

In laftof ce ta hannu irin wadda ake samu a shagunan titin Ahmadu Bello, fara da Flight Simulator X. Ta fito a 2006, aka sake fitar da ita a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a 2014, kuma Cub yana cikinta tun asali. FlightGear kyauta ce gaba ɗaya, masu sa kai ne ke gina ta tun 1997, kuma ana iya sauke Cub a cikinta ba tare da biyan ko kwabo ba. Mai tsohon faifan Flight Simulator 2004 kada ya yar, domin an yi ta ne don cikar shekara ɗari da fara tashin jirgi, kuma cike take da tsofaffi irin su Curtiss Jenny da Ford Trimotor da DC-3.

X-Plane tana lissafa yadda iska ke bugun kowane sashe na fiffike, shi ya sa masu son jin halin jirgi ke yaba ta. Ta 12 tana ɗauke da Super Cub da Stinson L-5, kuma akwai ta gwaji kyauta da za ka ga ko kwamfutarka za ta iya. Microsoft Flight Simulator ta 2020 ta fi kowa kyan ƙasa, domin da hotunan tauraron ɗan'adam take shimfiɗa ta. A Nuwamban 2022 an ƙara mata Beaver da Jenny da DC-3 da jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 kyauta. Sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi da wurin ajiya kimanin gigabait 150. Kafin ka biya kuɗinta, karanta amsa ta gaba.

Yaya batun data da wutar lantarki?

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Manhajar 2020 tana jawo hotunan ƙasa daga intanet kana cikin tashi, ta 2024 kuma ta fi ta dogaro da intanet ɗin. In da datar waya kake aiki, shiga saitin manhajar ka sa mata iyakar abin da za ta ci, ka kuma buɗe ma'ajiyar da ke riƙe wuraren da ka taɓa bi don kada ta sake jawo su. Flight Simulator X da X-Plane ba su da wannan damuwa, in an sauke su an gama.

Ta ɓangaren wuta, laftof ta fi kwanciyar hankali saboda batirinta, amma ka sani yawancinsu suna rage ƙarfi da zarar an cire caji, hoton ya fara tsinkewa. Mai babbar kwamfuta ya nemi UPS ko ya ɗora ta a kan inbata. A watan Maris da Afrilu kuma a ɗaga bayan laftof ɗin ta sha iska, a riƙa kakkaɓe ƙurar da hunturu ya tara a fankarta.

Dole ne sai na sayi sandar tuƙi da fedal?

Sanda kam dole ce. Maɓallin kibod abu biyu ya sani, a danne ko a sake, jirgin yadi kuwa taɓi kaɗan yake so. Nemi sandar da ake murɗa hannunta dama da hagu, kamar Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M, domin murɗawar ce za ta tsaya maka a madadin ƙafa. Mai abin wasan Xbox ma zai iya farawa da shi, maɓallan yatsa biyu na baya suna juya wutsiya.

Fedal kuwa, in Allah ya hore maka, shi ne abin da ya fi cancantar kuɗinka, gaba da babban allo. A jirgin gaske ƙafafu ne ke sarrafa majuyin wutsiya, wato faifan da ke tsaye a bayan jirgi yana karkata hanci dama ko hagu. Tsofaffin jirage suna da wata ɗabi'a: ka kwantar da sanda hagu, fiffike ya karkata hagu, amma hanci ya fara zamewa dama tukuna, saboda fiffiken da ya ɗaga ya fi jan iska. Maganinsa sanda da ƙafa su tafi tare. Akwai saitin da ke sa kwamfuta ta yi maka wannan aiki. Kashe shi tun ranar farko, in ba haka ba duk abin da aka faɗa a amsoshin fizgewa da wulwulawa da ke ƙasa ba za ka taɓa jin sa a hannunka ba.

Da wane jirgi zan fara?

Da Cub. Injinsa Continental ne mai ƙarfin doki 65, yana tafiya kimanin mil 75 a awa, wato kilomita 120, kuma fiffikensa ba ya sakin iska sai gudu ya sauko wajen mil 38. Komai a hankali yake faruwa, kana da lokacin ganin kuskure ka gyara. Tiger Moth ya biyo baya, Stearman da Beaver kuma sai ƙafa ta goge.

Babu makulli, babu batir. Yaya ake tayar da inji?

A Cub da Tiger Moth na asali, mutum ne ke tsayawa a gaba ya wurga farfela da hannu. Wutar fulogi daga magneto take zuwa, wani ɗan janareta da injin kansa ke juyawa, kuma guda biyu ne, kowane silinda da fulogi biyu, don in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya riƙe. A similata tsarin shi ne: buɗe fetur, tura ɗan mai cikin inji da famfon firaima, buɗe totur kaɗan, sa makunnin magneto a kan duka biyun, taka birki, sannan ka juya farfela. Wasu jiragen suna barinka ka ja ta da linzamin kwamfuta, a manhajojin Microsoft kuma Ctrl da E suna tayar da shi kai tsaye.

Da ya kama, idonka ya tafi kan matsin man inji. In allurar ba ta motsa cikin daƙiƙa 30 ba, kashe shi. Kafin ka hau titin tashi, ƙara totur ka gwada magneto ɗaya-ɗaya. Juyin inji zai ɗan ragu a kowanne, amma bai kamata ya yi tari ko ya mutu ba.

Ina ƙasa ba na ganin gabana. Matsalar allo ce?

A'a, haka jirgin yake. Wutsiya na ƙasa, hanci na sama, kuma mai tuƙa Cub shi kaɗai a kujerar baya yake zama, saboda tankin mai yana gaba, ana buƙatar nauyinsa ya daidaita jirgin. Matuƙa suna tafiya ne a karkace, su ɗan yi dama su leƙa ta tagar hagu, su ɗan yi hagu su leƙa ta dama. Kada ka ɗaga kyamara sama don ka ga gaba, domin wannan hoton na hanci a sama shi ne kake buƙatar haddacewa don sauka. In kana da kyamarar kwamfuta, manhajar OpenTrack kyauta ce, tana bin motsin kanka ta juya maka kallo.

Da na ba da totur sai jirgin ya fizge hagu ya bar titi. Me ke jawo haka?

Farfela ce. A injunan Amurka tana juyawa dama in kana kallonta daga kujera, kuma abubuwa da yawa ke haɗuwa su tura hanci hagu. Injin yana murɗa jikin jirgi saɓanin juyin farfela, sai tayar hagu ta fi danne ƙasa. Iskar da farfela ke turawa baya tana nannaɗe jirgin ta bugi wutsiya ta gefen hagu. Yayin da hanci ke sama, reshen farfela mai gangarowa, wanda ke dama, ya fi cizon iska. Sai kuma lokacin da ka ɗaga wutsiya, farfela mai gudu ba ta son a sauya mata fuska, sai ta ƙara fizgar hanci hagu.

Don haka ka tura totur sannu a hankali, ƙafar dama a shirye tun kafin jirgin ya nuna alama. Kafa idonka a can ƙarshen titi. Taka kaɗan ka saki, taka kaɗan ka saki, kada ka danne fedal ka zauna a kai. Ɗaga wutsiya a natse, jirgin zai bar ƙasa da kansa, sai ka hau da mil 55. Wanda ya saba da Cub ya koma Tiger Moth ya kula: injinsa Gipsy Major mai ƙarfin doki 130 saɓanin haka yake juyawa, ƙafar hagu yake nema.

Na sauka lafiya, sai jirgin ya wulwula wutsiya ta dawo gaba. Laifina ne ko na manhaja?

Manhajar ta yi daidai, kuma wannan ne babban darasin jiragen nan. A jirgi mai taya a hanci, tsakiyar nauyi tana gaban manyan tayoyi, in ya ɗan kauce nauyin ne ke miƙar da shi. A namu nauyin yana bayan tayoyin. Wutsiya ta ɗan zame gefe, nauyin ya ƙara tura ta, zamewar ta ƙaru, har ta kai inda fedal ba zai iya dawo da ita ba. Ka tuna Keke Napep da ake gudu da shi a ribas, tayoyi biyu a gaba, tayar sitiyari a baya: ƙaramin murɗi ya isa ya juya shi gaba ɗaya.

Abin ya fi faruwa bayan gudu ya ragu, lokacin da iskar da ke bi ta kan majuyin wutsiya ta yi rauni, matuƙi kuma ya saki jiki yana ganin ya gama. Da tayoyi sun zauna, jawo sanda har cikinka ka riƙe ta a nan, don tayar baya ta kama ƙasa. Gyara kaucewa tun tana ƙarama. Kada ka taka birki da ƙarfi, jirgin zai kifa da hanci, Tiger Moth na Ingila ma ba shi da birki sam, wani ƙarfe ne a wutsiya ke jan ƙasa. In iska na bugowa daga gefe, kwantar da sanda ɓangaren da take zuwa, kana ƙarawa yayin da gudu ke raguwa. In ka samu filin ciyawa ko na ƙasa a manhajarka, fara koyo a can, domin taya tana ɗan zamewa a kai, kwalta kuwa kama ta take yi ta fizge.

Yaya ake sauka, tunda babu filaf, wato faifan bayan fiffike da ake saukewa don rage gudu?

Sauka iri biyu ce. A ta farko tayoyi uku ke taɓa ƙasa tare. Ka taho da mil 55 zuwa 60, ka rufe totur, dab da ƙasa ka riƙa jan sanda kaɗan-kaɗan kana hana jirgin zama, har hanci ya kai daidai hoton nan da ka haddace a amsar rashin ganin gaba. A ta biyu manyan tayoyi ne ke fara taɓawa, jirgi a miƙe da ɗan gudu, sai ka tura sanda gaba kaɗan don ya manne, wutsiya ta sauko daga baya. Fara da ta farko. In ya yi tsalle mai tsayi, ba da totur ka sake zagayowa.

In ka ga ka yi sama da yawa, karkata fiffike gefe ɗaya ka taka fedal na ɗaya gefen. Jirgin zai taho a kaikaice, gefen jikinsa yana tare iska, ya sauko da sauri ba tare da gudunsa ya ƙaru ba. Miƙar da shi kafin ka iso ƙasa. A ganina babu abin da ya kai wannan daɗi a duk tuƙin Cub, ga titi kana kallonsa sarai ta tagar gefe.

Wai ƙanƙara a kafireto, a zafin Kaduna?

Ƙwarai kuwa. Iska tana matsewa ta wuce ta maƙogwaron kafireto, fetur kuma yana zama tururi a wurin, su biyun suna iya sauke zafin iskar da digiri 20 ko fiye. In akwai laima, sai ta daskare ta toshe hanyar. Saboda haka safiyar Agusta mai lumshi ta fi sanyin Janairu haɗari, domin iskar hunturu busasshiya ce. Alamarsa juyin inji ya riƙa raguwa ba ka taɓa totur ba. Jawo maɓallin ɗumama kafireto, harafin H ne a Flight Simulator X. Injin zai ɗan yi tari yayin da yake haɗiye ruwan, sannan ya warware. Jawo shi duk lokacin da za ka rage totur don sauka, ka mayar in za ka ba da cikakken ƙarfi.

Me ya sa jirgina ke cin titi mai tsawo da rana, hawansa kuma ba ƙarfi?

Filin jirgin Kaduna, DNKA a manhaja, yana kan tsayin ƙafa 2,073 daga teku. A lissafin matuƙa, zafin da ya dace da wannan tsayi digiri 11 ne, kuma kowane digiri da ya ƙaru daidai yake da ƙarin ƙafa 120. Ranar da zafi ya kai 35, jirginka ji yake kamar yana ƙafa 5,000. Iska ta yi shara-shara, inji da farfela da fiffike duk sun rasa abin kamawa, mai doki 65 kuwa ba shi da rarar da zai yi asara. Titin Kaduna mita 3,000 ne, ba zai ƙare maka ba, amma kada ka ja hanci sama don ka tilasta masa hawa. Tashi da sassafe, ka rage kaya. A Jos, inda filin ya haura ƙafa 4,000, abin ya fi haka tsanani.

Babu GPS. Yaya zan kai Zariya?

Da kamfas da agogo da ido. Daga DNKA zuwa filin Zariya, DNZA, kilomita 60 ne da 'yan kai, arewa maso gabas, kimanin digiri 40 a kamfas, rabin awa a Cub in babu iska. Rubuta lokacin tashinka a takarda. Babban titin Kaduna zuwa Zariya da layin dogo suna damanka, in ka ruɗe ka karkata gabas har ka same su ka bi. A manhajar da ke da hoton ƙasa mai kyau, dutsen Kufena ne zai yi maka maraba. Kano kuwa kilomita 200 ce, tankin Cub lita 45 zai kai ka, amma ka riƙa duban wayar nan.

Sa yanayin garinmu a manhajar. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka titi na 05, wato wanda ke fuskantar arewa maso gabas, za ka hau, kuma tafiyar Zariya za ta fi rabin awa saboda iskar na gabanka. Da damina daga kudu maso yamma take, sai titi na 23. In hannunka ya faɗa, rage nisan gani zuwa kilomita biyar ka ga yadda hazo ke haɗiye layin da ke raba sama da ƙasa. Wata tafiya mai kyau ita ce bin kogin Kaduna ƙasa-ƙasa har madatsar Shiroro a jihar Neja.

Wannan zai taimaka mini in zama matuƙi na gaske?

Zai ba ka fahimtar agoguna, da tsarin zagayen fili, da neman hanya, da sabon duba komai kafin tashi. Ba zai ba ka jin motsin jirgi a jikinka ba, kuma awoyin da ka yi a ɗaki ba sa shiga lissafin lasisi. Malaman tuƙi kan koka da cewa 'yan similata suna kafa ido a kan agogo maimakon waje, tsofaffin jirage kuwa suna rage wannan ɗabi'a tunda babu abin kallo a ciki. Lasisi sai makaranta, kamar Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Sojojin sama ma a nan Kaduna suke fara koya wa matuƙansu tashi da ƙananan jirage masu farfela, kuma a da sun daɗe suna amfani da Air Beetle, wanda aka harhaɗa a garin nan bisa tsarin RV-6A na Amurka.

Akwai tafiyar tarihi ta ƙasarmu da zan iya maimaitawa?

Akwai. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojojin saman Birtaniya suka sauka a Kano, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso a ƙarshen Oktoba, suka bi ta Sudan da Chadi da Maiduguri, da kamfas da taswira kawai. Su ake ɗauka a matsayin jiragen farko da suka sauka a Najeriya.

Zangon ƙarshe, Maiduguri zuwa Kano, kusan kilomita 500 ne yamma. Beaver zai yi shi a tashi ɗaya. Cub ba zai iya ba, domin mansa bai cika awa uku ba, tafiyar kuma ta haura awa huɗu. Bi titin mota ta Damaturu, ka nemi fili mai faɗi a wajen Potiskum ka sauka, ka cika tanki daga saitin manhaja, sannan ka ci gaba ta Azare da Wudil. Sa kwanan watan a farkon Nuwamba, ka tashi da hantsi don rana ta kasance a bayanka, kuma ka sake karanta amsar wulwulawa kafin saukar Potiskum, domin a can babu titin da zai nuna maka inda iska take, sai hayaƙi ko ƙura in manhajarka na nuna su.